Farar Ƙasa da Siminti: Nazari a Kan Gyaran Tsofaffin Gine-gine Daga Kete Krachi Zuwa Bawku

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin wani tsohon gini na jan bulo ko na dutse a garuruwan arewacin Ghana, irin ofisoshi da makarantu da kantunan da aka gada daga zamanin Turawa, ya kuma ba idonsa haƙƙinsa, lalle zai ga wani abu wanda a farkon gani yakan saɓa wa hankali. A wurin da hannun mai gyara bai taɓa kaiwa ba, kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo ya zaizaye ya shige ciki misalin gaɓar yatsa, amma bulon kansa yana nan lafiya lau, har kaifin gefensa bai dakushe ba. A wurin kuwa da wani mai kyakkyawar niyya ya zo ya cike da siminti shekara ashirin ko talatin da suka wuce, simintin na nan daram, ya fito zara-zara kamar saƙar zuma, alhali bulon da aka zo ceto ya rududduge a bayansa, in ka sa yatsa sai jan gari ya biyo ka. Na daɗe ina ganin wannan ina wucewa, kamar yadda kowa ke wucewa, har ran da na tambayi kaina yadda aka yi abu mai ƙarfi ya zama ajalin bango, mai rauni kuwa ya zama garkuwarsa.

Aikin da ake magana a kai ƙarami ne a ido. Shi ne a ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓi daga tsakanin bulo, a wanke gurbin, a sake cikewa da sabo, ba tare da an rushe bangon ko an lulluɓe fuskarsa da shafe ba. Don sauƙin magana zan kira shi cikon gaɓa. Mas'alar kuma ita ce da me za a cike: da siminti, wanda ke kowane kanti, ko da farar ƙasa, wadda yawancin matasan magina ba su san ta ba sai a matsayin abin shafa wa gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya ran da babban baƙo zai zo gari.

Wajibi ne tun farko a warware wani ruɗani da harshenmu ya jawo, domin kalmar farar ƙasa tana ɗauke da abubuwa biyu waɗanda launi kaɗai ya haɗa su. Akwai farar ƙasa ta tono, wadda mata ke haƙowa su dama su shafe ɗaki da ita gabanin salla. Wannan ado ce, ba ta riƙe kome, ruwan sama ɗaya ya ishe ta. Akwai kuma ƙonanniya, wadda Larabawa ke kira nura ko jir, ita ce abin nufi a nan. Asalinta farin dutse ne, ko ɓawon ƙumbar ruwa, ko murjanin teku, a tara a cikin matoya a yi ta ba shi wuta dare da rana har zafin ya kai wajen digiri 900, sa'an nan wata iska da ke ɗaure a cikin dutsen, irin wadda mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi, ta rabu da shi, ya fito da siffarsa ta da amma ya rasa kusan rabin nauyinsa. Wannan ƙonannen dutse mai ƙishirwa ne ƙwarai: in aka jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta huci yana tafasa ba da wuta ba, ya fashe, ya narke ya zama kamar kindirmo mai kauri, kuma a wannan hali yana cin fata yana makantar da ido, shi ya sa masu aikin ba sa leƙa ramin. Abin al'ajabin yana gaba. In aka kwaɓa wannan kindirmo da yashi aka sa a bango, sai ya shiga zuƙo waccan iskar daga sarari sannu a hankali, mako bayan mako, wata bayan wata, har ya koma dutsen da aka ƙona da farko. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanya wa kowane abu ƙa'idarsa.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Masallacin Madina an fara gina shi da tubalin ƙasa da kututturen dabino, sa'an nan Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ya sake gina shi da sassaƙaƙƙen dutse da farin kwaɓi, saboda haka ginin ƙasa da ginin dutse duka suna da asali a wurin magabata. Ibnu Haldun kuma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali ga sana'ar gini, inda ya bayyana cewa akan jiƙa ƙonanniyar farar ƙasa a bar ta ta kwana mako ɗaya ko biyu har zafin wutar da ke cikinta ya huce kafin a shafa wa bango. Masu gyaran tsofaffin gine-gine na yau sun zarce shi a haƙuri, suna barin ta wata uku ko fiye a ƙarƙashin ruwa, suna cewa tana ƙara laushi da danƙo gwargwadon daɗewarta.

A ƙasar da ake kira Ghana yanzu, farar ƙasa da jan bulo ta bakin teku suka shigo. Fotugis sun kafa ganuwar Elmina a 1482, Holandawa da Ingilishi da mutanen Denmak suka biyo baya da nasu, jiragen ruwa na zuwa da bulo a cikinsu don nauyi ya daidaita su a kan teku, farar ƙasa kuwa ana ƙona ta daga ɓawon ƙumba na gaɓar teku da bakin koguna. A ƙasan kogin Volta, wajen Ada da Sogakope, har yau ana nutso ana ɗebo ƙumba, ana cin naman, ɓawon kuma yana taruwa tsibi-tsibi, ana ƙona shi don shafen bango ana niƙa shi don abincin kaji. To ta wannan kogi ne kwale-kwalen gishirin Ada suka riƙa hawowa zuwa Kete Krachi tun kafin mulkin Bature.

Mu kuwa da muka zo daga arewa, da wata hikima dabam muka zo. Fataken Gonja da suka yi ta bin hanyar goro daga Kano da Katsina, ta Borgu ko ta Gurma, su bi ta Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga, garin rijiyoyi, sun kafa zanguna ne na ƙasa da ciyawa, mai hali ya yi soro da zaure. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Salaga ya warware, kasuwar ta fara raguwa, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta, attajirai da malamai suka watse, da yawa suka gangaro Kete, zangon baƙi da ke daura da Krachi, garin tsafin Dente. Cikin waɗanda suka iso daga baya har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete, ya karantar, ya yi wallafa da Larabci da ajami, ya rasu a nan a 1934. Gidajen da waɗannan bayin Allah suka zauna, da makarantun zauren da aka yi karatun Risala da Muhtasar a cikinsu, duk na ƙasa ne. In da za a ce a kawo gidan jan bulo na wani madugu na wancan zamani, da an sha wahalar nema.

Jan bulo da dutse mai kwaɓi sun zo ne da mulki. Jamus sun kafa bariki a Kete Krachi a 1894, Zech wanda daga baya ya zama gwamnan Togo ya riƙe shi, haka ma Mischlich, wanda ya yi zama da Alhaji Umaru ya kuma buga ƙamus na Hausa a 1906. Jamus sun ci Dagomba a Adibo a ƙarshen 1896, yarjejeniyar 1899 tsakaninsu da Ingila ta raba ƙasar, Yendi ta faɗa hannunsu, Salaga da Bawku suka zauna a hannun Ingilishi, har yaƙin 1914 ya kori Jamus. Ragowar gine-ginensu na nan a bakin tafkin Volta a Kete Krachi, maƙabartarsu na nan a Yendi. A wancan lokaci siminti cikin ganga yake zuwa daga Turai, kafin ya iso nan sai an sha dako a ka ko a kwale-kwale, don haka mai gini a cikin ƙasa ba ya ɓarnatar da shi, yakan dogara ga abin da wurin ya ba shi, dutse ko bulon da aka toya a nan, a jera da laka ko da farar ƙasa. Kada kuma a manta da wanda ya ɗauki duwatsun: Jamus sun ɗora wa talakawa aikin tilas na kwana 12 a shekara a madadin haraji. Wanda ya ce me ya haɗa mu da ginin azzalumai har da za mu gyara, amsarsa ita ce guminsa na kakanninsa ne, Bature tsayawa kawai ya yi da sanda.

To in haka ne, wani zai ce, farar ƙasa ba gadonmu ba ce. Ta fuskar kayan aiki ya yi gaskiya. Ta fuskar hukunci kuwa akwai magana, domin malaman usulu sun koya mana cewa in illa ta zama ɗaya, hukuncin asali yakan bi reshe, wannan shi ne ƙiyasi. Dubi maginin Kano ko na Zariya, jikan sana'ar Babban Gwani wanda ya gina masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu. Yana jera tubali cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ciyawa, ya yaɓe, sa'an nan ya shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa, in rufin soro ne na mai hali, da laso, wanda ake haɗawa daga katsin marina da gashin majema da ruwan dafara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ya dawwama. An yi su ne don damina ta ci su ta bar tubalin, in kaka ta yi a sake. Haka matan Kusasi a ƙauyukan Bawku suke yi wa ɗakunansu, su yaɓe da ƙasa da kashin shanu, su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa, su daɓe tsakar gida da waƙa. Haka Dagomba a kewayen Yendi. Illar ita ce a sa abu mai araha, mai sauƙin sakewa, ya tsaya a gaban abu mai tsada, mai wuyar sakewa, ya karɓi dukan a madadinsa. Kwaɓin farar ƙasa a tsakanin jan bulo aikinsa ke nan daidai: fansa ne.

Bayanin yadda fansar ke aukuwa yana ga ruwa. Babu bangon da ruwa ba ya shiga, ko ta sama in indararo ya toshe, ko ta gefe in iska ta koro ruwan sama, ko ta ƙasa inda danshi ke hawowa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Abin dubawa shi ne ta ina zai fita. Tsohon bulo, wanda aka toya da itace a matoyar da wutarta ba ta daidaita ba, yana da taushi da ƙofofi, kwaɓin farar ƙasa kuwa ya fi shi taushi da ƙofofi, saboda haka ruwan yakan bi ta gaɓa ya fita, ya bar gishirin da ya kwaso daga ƙasa a cikin gaɓar, gishirin ya bushe ya kumbura ya ci kwaɓin. Kwaɓi ya lalace cikin shekaru masu yawa, bulo ya tsira. In aka toshe gaɓar da siminti, wanda ya fi bulon tauri kuma da ƙyar ruwa ke ratsa shi, ruwan ba shi da mafita sai fuskar bulon, can gishirin zai taru, can zai kumbura, fuskar ta ɓare ta faɗo. Ga kuma motsi: bango yana miƙewa da zafin rana yana takurewa da sanyin asuba, ƙasa na kumbura da damina tana tsagewa da rani, farar ƙasa na bin wannan motsi tana lanƙwasa, har ƙananan tsagu takan liƙe da kanta in ruwa ya narkar da kaɗan daga jikinta ya sake ajiye shi; siminti kuwa ba ya rusunawa, sai dai ya tsage ko ya tsaga maƙwabcinsa, tsagar ta sha ruwa ta hana shi fita.

Shi aikin kansa ba ya son gaggawa ko kaɗan. Da farko magini ya san abin da ke cikin bangon: ya kankara tsohon kwaɓin da ƙusa, in ya karce cikin sauƙi, ga kuma 'yan fararen ƙwayoyi a ciki, ya ɗiga ruwan lemon tsami ya ga yana ƙananan kumfa, to farar ƙasa ce, wani lokaci kuma zai tarar bakin gaɓar kaɗai aka cike da ita, cikin laka ce zalla. Ba kowace gaɓa ake taɓawa ba, sai wadda ta zurma ko ta ruɓe, mai lafiya a bar ta ko da ta tsufa. A ƙwaƙule da siririn ƙarfe da hannu, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin gaɓar, a guji injin yankan nan mai faifai, wanda a cikin ƙiftawar ido yakan cinye gefen bulon da ya yi shekara ɗari bai ji ciwo ba. A share ƙura, a jiƙa gurbin sosai don kada busasshen bulo ya tsotse ruwan kwaɓin. Kwaɓin kuwa mudu ɗaya ne na farar ƙasa, biyu da rabi ko uku na yashin kogi mai kaushi, wankakke, wanda ya haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi, a tattake shi a buge shi har ya yi danƙo, kada a cika masa ruwa, ya tsaya a cokalin gini kamar tuwon da ya kwana. A dinga tura shi da ɗan siririn ƙarfe ana dannawa har ya kai ƙurya, in gurbin mai zurfi ne a cike shi hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan kama kafin na gaba. In ya fara tauri, yadda farce zai shiga amma yatsa ba zai lotsa ba, sai a bubbuge fuskar da burushi mai ƙarfi don ƙwayar yashi ta bayyana, kuma a bar gaɓar daidai da fuskar bulo ko ta ɗan shige ciki, kada ta hau kansa.

A gindin bango, inda danshi ba ya ƙarewa, farar ƙasa zalla takan yi jinkirin kamawa, tun da iska take buƙata. Maganin wannan tsoho ne: Rumawa na zuba mata tokar dutse mai aman wuta ko dakakken kasko, mutanen Indiya na zuba garin jan bulo, sai ta kama ko a cikin laima. Garin bulo kuwa ba ya wuya a wurin da bango ke rududdugewa.

Sai lokaci, wanda a ganina shi ne inda littattafan Turawa ba za su amfane mu ba sai mun juya su. Su tsoronsu ƙanƙara, kada ta daskarar da kwaɓi kafin ya kama. Mu abokin gabarmu hunturu. Farar ƙasa ba ta komawa dutse sai da 'yar laima a jikinta, in ta bushe farat ɗaya sai ta mutu, ta zama gari mai farin kyau wanda yatsa ke sharewa. Wanda ya yi cikon gaɓa a Bawku a watan Janairu, iskar arewa na busawa leɓe na tsagewa, ya yi asarar kuɗinsa kafin la'asar. Tsakiyar damina ma ba ta yi ba, ruwa zai wanke aikin. Lokacin da ya dace shi ne jelar damina, ruwa ya ja baya amma raɓa na sauka, kuma wannan taga ta fi faɗi a Kete Krachi, inda damina ta fi tsawo ga kuma tururin tafki, ta ƙuntata a Salaga da Yendi, ta fi ƙunci a Bawku. Ko a lokacin ma sai an rataya jiƙaƙƙun buhunan koko a kan bangon ana yayyafa musu ruwa safe da yamma har mako guda ko fiye, a kuma bi inuwa, a yi bangon yamma da safe, na gabas da yamma.

Adalci ya wajaba ga siminti, domin mutanenmu ba wawaye ba ne da suka rungume shi. Tun da Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a Ingila a 1824 yake cin ƙasashe, dalilinsa a fili: yana kamawa cikin yini, yana ɗaukar nauyin bene da gada, kowane buhu daidai yake da ɗan'uwansa, yaro ma ya iya kwaɓa shi. Ga ginin bulon siminti babu abin da ya fi shi, wanda ya ce a cike gaɓar irin wannan gini da farar ƙasa ya yi bidi'a marar amfani. Abin da ya fi jan zuciya kuma shi ne alkawarin da ya yi wa maigida cewa ya huta da yaɓen shekara-shekara, a daidai lokacin da samarin da ke yin gayyar yaɓe suka tafi kudu aikin koko da ma'adinai. A Kete Krachi kuwa al'amarin bai zo da sannu ba. Da aka datse Volta a Akosombo, tafkin ya fara cika a 1964, ya tashi mutum wajen 80,000, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52, tsohon Kete da masallatansa da zaurukansa ya nutse, hukuma ta ba mutane gidaje na bulo da kwano masu fasali ɗaya, aka ce kowa ya ƙarasa nasa. A 1967 aka kafa kamfanin siminti na Ghacem. Yaron da ya tashi a sabon gari bai ga bangon da ake yaɓewa ba balle ya tambayi dalili, sai isnadin sana'ar ya yanke a tsara ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi da ƙasar nan ta bayar a kan wannan mas'ala ta fito ne daga ginin ƙasa, a Larabanga ta ƙasar Gonja. A shekarun 1970 aka shafe tsohon masallacin garin da siminti da yashi da nufin kare shi daga ruwa. Danshi ya maƙale a ciki, gara ta samu wurin zama ta cinye itatuwan da ke riƙe da ginin, har wani sashe ya rushe. A 2002 Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, aka haɗa hannu da hukumar gidajen tarihi ta Ghana da masana ginin ƙasa na CRAterre daga Faransa da maginan garin, kuma babban aikin da aka yi shi ne ɓamɓare simintin da mayar da yaɓen ƙasa. Wato an kashe kuɗi sau biyu, na sawa da na cirewa, aka dawo inda kakanni suka tsaya.

Na taɓa zama da wani dattijon magini a wani zango, ana gyaran katangar wani tsohon kanti na jan bulo, yaransa na cusa siminti a gaɓa. Na ce, “Baba, Allah ya ba ka nasara, wannan ba zai ci bulon ba kuwa?” Ya dube ni ya ce, “Zai ci mana, ɗana. Amma mai shagon ya ce gobe yake son buɗewa, kuma in na ce ya kawo farar ƙasa, wa zai saya wa?” Ban sami abin ce masa ba, domin ya taɓo inda masu wa'azin farar ƙasa suka fi rauni.

Raunin kuwa shi ne suna magana kamar kayan na nan a kasuwa, alhali abin da ake samu a kanti garin farar ƙasa ne na buhu, wanda aka riga aka shayar da shi ruwa a masana'anta, in kuma ya daɗe a ajiye buhun na shan iska, ya riga ya koma dutse tun a cikin buhu, ko an kwaɓa ba zai riƙe ba. Mutum ya gwada sau ɗaya ya ga ya zube, ya rantse ba zai ƙara ba, ya kuma gaya wa goma. Sabon buhu, in aka jiƙa shi a ganga ya kwana biyu ko fiye, yana yin aiki. Farin dagwalon nan da masu walda ke zubarwa daga tukunyar kabayid shi ma jinsin farar ƙasa ne, mutane sun daɗe suna shafe bango da shi, sai dai yana da datti, ba a amince masa a gini mai daraja ba sai an tace an gwada. Wasu kuma sukan ce a ɗan barbaɗa siminti a cikin kwaɓin don ya yi saurin kamawa. Wannan talfiƙi ne tsakanin mazhabobi biyu, sau da yawa yakan fito da aibin kowanne ya bar falalarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne farin dutsen na nan a ƙasar Gonja kanta, a Buipe, bakin Baƙin Volta, amma masana'antar siminti aka kafa masa. Ɓawon ƙumba na nan a ƙasan kogi. Abin da babu shi ne ƙaramar matoya da mai sanin wutarta. Ita ma matoyar tana da nata laifi da bai kamata a ɓoye ba, tana cin itace da yawa a ƙasar da gawayi ya riga ya cinye dazuzzukanta, in ba a yi hattara ba kaɗanya da ɗorawa za su biya kuɗin.

Akwai kuma wani cikas wanda ba na kimiyya ba ne, na fiƙihu ne. Yawancin tsofaffin gidajen zango gidajen gado ne da ba a raba ba, magada ashirin, rabinsu a Kumasi da Accra, kowa na da haƙƙin ɗaki, babu mai nauyin bango. Gine-ginen gwamnati kuwa akan sami kuɗin fenti in za a yi biki, ba a samun na gaɓa. Gyaran da ake maimaitawa yana buƙatar wanda zai tsaya a kansa kamar nazirin waƙafi, ya san cewa kafin a taɓa gaɓa sai an gyara indararo da bakin kwano, an kuma janye ƙasar da ta taru a gindin bango da simintin da aka malala a jikinsa, in ba haka ba ko da kwaɓin Rumawa aka cike, ruwa zai dawo. Irin wannan mutum in aka same shi, shawarar da zan ba shi kada ya fara da dukan gidan. Ya zaɓi wuri kamu biyu a bangon da ya fi shan ruwa, wanda a nan yawanci na gabas ne, ya cike shi a jelar damina da kwaɓi iri biyu ko uku, ya rubuta awon kowanne a takarda ya ajiye, ya bar su su sha hunturu ɗaya da damina ɗaya, sa'an nan ya dawo da ƙusarsa ya kankara.